Dandalin Tahrir na Alƙahira: tambayoyi da amsoshi ga mai niyyar ziyara

A ina dandalin yake, kuma me ke kewaye da shi?

Dandalin Tahrir yana tsakiyar birnin Alƙahira, a gabashin kogin Nilu, kusa da gadar Ƙasrun Nil mai gumakan zakuna a bakinta. Babban shataletale ne da manyan titunan birnin ke haɗuwa a cikinsa. Daga arewa akwai tsohon gidan adana kayan tarihi na Masar wanda aka buɗe a 1902, daga yamma akwai hedikwatar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, daga kudu kuma ga masallacin Umar Makram da katafaren ginin Mugamma, tsohon ginin ofisoshin gwamnati, wanda a da shekara da shekaru duk baƙon da ke son sabunta izinin zama, har da ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a Azhar, sai ya bi layinsa.

Wa ya kafa shi?

Kidiwi Isma'il (Kidiwi laƙabin mai mulkin Masar ne a zamanin), wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, shi ne ya sa aka zana sabuwar Alƙahira mai faffaɗan tituna bisa tsarin birnin Faris, kuma da sunansa aka fara kiran wurin, wato dandalin Isma'iliyya. Bayan Turawan Ingila sun mamaye ƙasar a 1882, sojojinsu suka tare a barikin da ke gefen dandalin, ba su fita daga cikinsa ba sai a 1947. Bayan juyin mulkin 1952 da ya kawar da sarki Faruk ne sunan Tahrir, wato 'yantarwa, ya zama na hukuma.

Me ya sa masu zanga-zanga ke nufarsa su bar sauran wurare?

Dalili na farko shi ne kusancinsa da masu mulki. A da, majalisar dokoki da ofishin firaminista da ma'aikatar harkokin cikin gida duk tafiyar ƙafa ce daga wurin, saboda haka duk wanda ya tsaya a Tahrir ya ɗaga murya a lokacin, a ƙofar hukuma yake magana. Na biyu kuma, tun da hanyoyi da yawa ne ke shigowa cikinsa, da wuya jami'an tsaro su toshe su duka a lokaci guda, kuma idan jama'a suka cika shi harkokin tsakiyar birnin sai su tsaya cik. An ga haka a watan Janairun 1977, lokacin da mutane suka fito kan janye tallafin burodi da sauran kayan masarufi a zamanin Anwar Sadat, har gwamnati ta janye matakin.

Me ya faru a 2011?

Ranar 25 ga Janairu, wadda ita ce ranar 'yan sanda a Masar, matasa suka fito suna kukan cin zalin 'yan sanda da tsadar rayuwa da rashin aiki. Ranar Juma'a 28 ga wata, bayan gwamnati ta katse intanet da layukan waya, jama'a suka fi ƙarfin 'yan sanda a kan gadar Ƙasrun Nil suka kwarara cikin dandalin, aka kuma banka wa hedikwatar jam'iyya mai mulki wuta. Daga nan suka kafa tantuna, suka shirya masu binciken shiga da masu shara da asibitocin wucin gadi, har aka ga Kiristoci sun yi wa Musulmi zobe suna gadinsu a lokacin salla. Ranar 2 ga Fabrairu magoya bayan gwamnati suka afka musu a kan raƙuma da dawakai, amma ba su watse ba. Ranar 11 ga Fabrairu, bayan kwana 18, Husni Mubarak ya sauka daga mulkin da ya riƙe tun 1981. Kwamitin bincike na gwamnati ya ce fiye da mutum 800 ne suka mutu a faɗin ƙasar, kuma wannan adadi ne da bai kamata mai ziyara ya manta da shi ba yayin da yake tsallaka titin.

Labarin bai ƙare a nan ba. A wannan dandali sabon zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Muhammad Mursi ya yi rantsuwa a gaban jama'a a Yunin 2012, kuma a nan dubban mutane suka taru ranar 30 ga Yunin 2013 suna neman ya sauka, kafin sojoji su tuɓe shi ranar 3 ga Yuli.

Mai ziyara a yau zai ga alamun wannan tarihi?

Kaɗan ƙwarai zai gani. Dokar da aka kafa a Nuwamban 2013 ta ƙuntata zanga-zanga matuƙa, an rushe ƙonanniyar hedikwatar jam'iyyar a 2015, an kuma shafe yawancin zane-zanen bangon titin Muhammad Mahmud da ke ɗauke da fuskokin waɗanda aka kashe. A 2020 aka kafa dogon ginshiƙin dutse na Fir'auna Ramsis na biyu a tsakiyar shataletalen, aka kewaye shi da gumaka huɗu masu kan rago da aka ɗauko daga tsohon haikalin Karnak da ke kudancin Masar. A ganina wannan zaɓi ne da aka yi da gangan: an ƙawata wurin da tarihin shekaru dubu uku, an bar na jiya ba tare da abin tunawa da ya dace da shi ba, alhali iyalan mamatan suna nan da rai. Yawancin ma'aikatun gwamnati ma sun ƙaura zuwa sabon birnin mulki da ake ginawa a hamada, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, nesa da inda talaka zai iya zuwa da ƙafa.

Yaya ake zuwa, kuma me ya kamata a kiyaye?

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, a sauka a tashar Sadat da ke ƙarƙashin dandalin. Da yamma wurin ya fi daɗin gani, bayan zafi ya ragu an kunna fitilu. A riƙe fasfo a jiki, a guji ɗaukar hoton jami'an tsaro ko motocinsu, a kuma yi hattara da jan Misirawa cikin hirar siyasa a fili, domin baƙo zai koma ƙasarsa, amma wanda ya amsa masa tambaya shi zai zauna da abin da ka iya biyo baya.