Waiwaye: Jarirai 12 da gardamar gwajin magani mai sauya tsari

Tun zamanin korona ake kai ruwa rana kan gwajin magani da ke sauya tsari yana cikin tafiya: a leƙa sakamako, a ajiye maganin da bai yi ba, ko a karkata sabbin marasa lafiya wajen wanda ya fara nuna nasara. Da yawa sun ɗauka gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya gano amfanin maganin dexamethasone ga masu korona a 2020, shi ne mafari. Zancen ya girmi haka nesa ba kusa ba.

Tun 1933 masanin lissafi William Thompson ya kawo shawarar karkata rabon. Sai dai gwajin streptomycin kan tarin fuka a 1948 ya kafa al'adar raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, aka zauna a kai.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne gwajin Michigan ta Amurka, da aka wallafa a 1985. Jarirai ne sabbin haihuwa da huhunsu ya gaza, ga kuma na'urar ECMO mai janyo jini waje ta sa masa iska ta mayar. Likitocin sun riga sun ga tana ceto, zuciyarsu ba ta yarda a hana rabin jariran ba. Sai aka yi ƙuri'a mai karkata: duk hanyar da ta ci, rabonta ya ƙaru. Jariri na farko ya faɗa ɓangaren na'urar, ya rayu. Na biyu ya samu kulawar da aka saba, ya rasu. Goman da suka biyo baya duk na'urar suka samu, duk suka rayu.

Tausayi ne tsantsa, babu shakka. Amma wa zai gamsu da kwatancen 11 da 1? Shakku ya ci gaba, har aka sake gwaji a Birtaniya da rabo daidai, aka wallafa a 1996. Jarirai 30 cikin 93 suka rasu a ɓangaren na'urar, 54 cikin 92 a ɗaya ɓangaren. A ganina nan tushen rikicin yake: an kare jariran da ke gaban ido, hujjar ta yi rauni, wasu jariran suka biya kuɗin tabbatar da ita.

Shi ya sa yau akan fara da rabo daidai na ɗan lokaci kafin a karkata. Abin da har yanzu ake gardama a kai shi ne yadda za a fahimtar da wanda ya shiga gwajin da wuri, kafin ya sa hannu, cewa mai zuwa bayansa na iya fin shi damar samun maganin da ya fi.