Waiwaye: Tun yaushe mai kaki ya zama jarumi a ƙasar Katsina?

Duk ranar 15 ga Janairu manya kan ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, ana ta kiransu jarumai. A majalisun shayi na Katsina kuwa, da an ambaci kalmar sai gardama ta kaure. Wannan ya ce ƙaninsa a filin daga ya rasu, wancan ya ce shi dai abin da ya sani hannun da ake miƙo masa a shingen hanya ana neman na goro. Gardamar nan ta girme su duka.

A Daura ma'aunin jarumta ba ɓoyayye ba ne. Labarin da muka gada ya ce macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajida ya zo ya sare kanta, gari ya sha ruwa. Aikin da Bayajida ya yi aka duba, da waɗanda suka amfana da shi.

Kakin da muke gani yau wata hanya ya biyo. Tushen sojan Najeriya 'yar rundunar Hausawa ce da Bature Glover ya haɗa a Legas a 1863. Da irin waɗannan dakaru Gwamna Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi, Katsina kuwa ta miƙa wuya ba a gwabza ba. Ganin farko da kakanninmu suka yi wa soja ke nan: ɗan ƙasa riƙe da bindigar Nasara, an juyo bakinta gida.

A cikin gari dogarai da 'yan dokan En'e, wato hukumar gargajiya, su ne ke riƙe da talaka. Aiki ne mai daraja a fada, domin Usman Nagogo kansa ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya hau karaga a 1944. Amma a ƙauye ɗan doka shi ne mai rakiyar masu karɓar haraji da jangali, kuma tsofaffin 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ba su manta da wanda ke tasa ƙeyarsu zuwa gaban alƙali ba. A zamanin Gowon aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, umarni ya koma fitowa daga Legas, daga baya Abuja. Sai ɗan sanda ya ƙara nisa da mutanen da yake tsaro.

Martabar soja ta ɗagu da dawowar waɗanda suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙara ɗaguwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, zamanin su Janar Hassan Usman Katsina. Sai dai ita kanta 15 ga Janairu fuska biyu gare ta a Arewa. A 1970 ita ce ranar da yaƙi ya ƙare. A 1966 kuwa ita ce ranar da wasu hafsoshi suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, har da manyansu irin su Birgediya Maimalari. Shehu Musa 'Yar'aduwa, janar guda, a kurkukun Abakaliki ya cika a 1997, ƙarƙashin mulkin 'yan uwansa sojoji.

Da ɓarayin daji suka addabi jihar sai tambayar ta shigo har tsakar gida. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye na tambayar ina masu tsaro suke. A Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu. Ba na iya kallon waɗannan iyalai in ce musu duk mai kaki jarumi ne.

Amma akwai Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda Aminu Umar, kwamandan 'yan sanda na yankin Dutsin-Ma. A Yulin 2022 ya shiga dajin Zakka na Safana tare da yaransa, ba daga ofis ya tura su ba, aka yi musu kwanton ɓauna ya rasa ransa. Wannan ko a bakin Kusugu aka auna shi ya ci sunan, kuma ina jin ciwo idan aka haɗa shi a kwando ɗaya da mai karɓar kuɗin beli a ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne.

A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasan da aka ɗebo daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Su ma an ɗinka musu kaki, an ba su makami. Bambancinsu da dakarun Glover shi ne a garuruwansu suke aiki, inda kowa ya san sunansu da na iyayensu, ya kuma san ƙofar gidan da zai kai ƙara ko ya kai ta'aziyya.