Waiwaye: wa ke tuƙa motocin da ke yawo a duniyar Mars?

Tun da aka yi gwanjon dutsen nan a birnin New York cikin Yulin 2025, wanda aka tsinta a jihar Agadez a 2023 aka ce daga Mars ya faɗo, sunan Mars ya shiga hirar fada a Damagaram. Dutse mai nauyin kilo kusan 25 ya tashi a dala miliyan 5.3, dole a yi magana. A fadarmu ta Birni, ana jiran shayi na biyu, wani ƙanena ya ce, "Yaya, to motocin da ake cewa suna yawo a can, wa ke riƙe da su?" Amsar a taƙaice ita ce ba mai riƙe da su. Wasiƙa ake rubuta musu kullum.

Da farko an gwada riƙewar, amma a duniyar wata. A Nuwamban 1970 Tarayyar Sobiyet ta sauke motar Lunokhod 1 a can, wasu mutane a Kirimiya suka zauna gaban allon talabijin suna juya ta dama da hagu. Wata kusa yake, saƙo na isa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya. Mars kuwa, gwargwadon inda ta tsaya a falakinta, saƙo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Kafin ka ga rami ka ce "tsaya", motar ta daɗe da faɗawa. Aikin sai ya koma irin na attajiran Damagaram na da, masu tura ayari Tarabulus: ka gaya wa madugu duk abin da kake so tun kafin ya tashi, ka zauna jiran labari.

Ta farko da ta yi yawo a can ita ce Sojourner ta hukumar NASA, a Yulin 1997. Ƴar ƙarama ce, kilo 11 ko kusa da haka, kuma duk tafiyarta ba ta wuce mita 100 ba. Tsarin aikin yau da kullum da aka sani yanzu ya kafu ne da tagwayen nan Spirit da Opportunity, da suka sauka a Janairun 2004.

Motar takan gama aikin yini ta jira wani kumbo da ke kewaya Mars, irin su Mars Odyssey, ya gitta ta samanta, ta miƙa masa hotuna da awon da ta yi. Shi ke turo su zuwa manyan farantan eriya da ke wurare uku: Goldstone a Kalifoniya, kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Canberra a Ostareliya. An warwatsa su haka don duk yadda ƙasa ta juya a samu ɗaya yana kallon Mars. Daga nan ma'aikatan JPL, cibiyar NASA da ke Pasadena a Kalifoniya, su hau kai. Masu ilimin duwatsu na so a tsaya a shinshina kowane dutse, injiniyoyi na duba batir suna cewa ba hali. A yi ta ciniki kamar a Kasuwar Dole har a daidaita, a rubuta umarni, a gwada shi a kwamfuta, sannan a tura kafin gari ya waye a can.

Wayewar garin ita ce wahalar. Yinin Mars ya fi namu da minti 39 da ɗan ɗori, don haka a watanni ukun farko ma'aikatan sun koma rayuwa da agogon Mars. Yau ka shiga aiki ƙarfe 8, gobe 9 saura, bayan kwana 18 rana ta koma maka dare. Wanda ya taɓa gadin dare ya san yadda jiki ke yi. Ba a iya jurewa, sai aka koma agogon ƙasa, ranar Juma'a a haɗa wa motar aikin kwana uku a tafi gida.

Inda labarin ya fi kama da namu shi ne wajen ƙura. Akwai wani dattijo mai cajin waya da sola a unguwarmu. Lokacin hunturu, kafin ya buɗe rumfa sai ya hau benci da tsumma ya goge farantin. Na taɓa ce masa, "Baba, kullum sai an goge?" Ya nuna mini tsumman da ya koma ja, ya ce, "Ɗana, kwana uku in ban goge ba, wayoyin mutane sai su kwana nan." Spirit da Opportunity da sola suke aiki, kuma ba mai tsumma a can. Shi ya sa aka yi musu lissafin kwana 90 kacal. Abin da ba a sa a lissafi ba shi ne guguwa, irin wadda ke tasowa da azahar a fili tana juyi: takan bi ta kansu ta share ƙurar, wuta ta dawo. Da sanyi kuma direbobi kan nemi gangare su jingina motar tana fuskantar rana.

Sauran duk dabarar bakanike ce daga nesa. A 2006 tayar gaba ta dama ta Spirit ta ƙi juyawa, aka koma tuƙa ta da baya tana jan tayar. Wannan jan ne a 2007 ya tono farar ƙasa mai yawan sinadarin silika, shaidar an taɓa samun ruwa mai zafi a wurin. A 2009 ta nutse cikin rairayi, an yi watanni ana gwada fitar da kwatankwacinta a wani akwatin yashi a Pasadena, ba ta fita ba, muryarta ta ɗauke a Maris 2010. Opportunity ta yi shekara 14 da kilomita 45, har hazon ƙura ya rufe Mars baki ɗaya a Yunin 2018. InSight ma, wata na'urar NASA wadda ba ta yawo, ƙura ce ta kashe ta a Disamban 2022.

Curiosity da ta sauka a Agustan 2012 da Perseverance ta Fabrairun 2021 an raba su da sola, zafin sinadarin fulutoniyam ke ba su wuta. Matsalar ta sauya wuri. Duwatsu masu kaifi sun huhhuda tayoyin Curiosity na alminiyam, yanzu ɗaukar hotonsu ya shiga cikin aikin da ake yi a kai a kai. Perseverance kuwa an ƙara mata wayo, a nuna mata inda za ta je ta zaɓi hanya da kanta tana kauce wa duwatsu. A ganina nan ne babban sauyin shekarun nan: wasiƙar na ƙara gajarta, madugun na ƙara samun ta cewa. Duk wata 26 ma rana kan shiga tsakaninmu da Mars, a yi kamar mako biyu ba a tura umarni, motocin su yi ta ƙananan ayyukan da aka bar musu.

Babban aikin Perseverance a kwarin Jezero, inda ta sauka, shi ne haƙo ɓargon duwatsu tana rufewa cikin ƴan bututu. Goma daga ciki ta jera su a ƙasa, ta gama a Janairun 2023, don wani kumbo ya zo ya kwasa. Kuɗin ɗaukowar ya yi ta hauhawa, kumbon bai tashi ba. Da na faɗi haka, ƙanen nawa ya miƙo mini kofi ya ce, "Ashe namu na Agadez da ya kawo kansa ya fi araha."