Wai mene ne "kwantum" ɗin nan?

Tun damina kalmar nan ta cika tallace-tallacen rediyo a Jos. Sarƙar kwantum, ruwan kwantum, na'urar kwantum mai gano cuta. Goggona ta dawo daga kasuwar Taminus da takarda shafi huɗu. Wani saurayi ne ya ce mata, "Hajiya, riƙe ƙarfen nan," ta riƙe minti ɗaya, kwamfutarsa ta ce ƙodarta ta gaji. Nan take ya sayar mata da magani, ta kwana uku ba ta runtsa ba. Abin ya ƙona mini rai.

Asalin kalmar Latin ce, ma'anarta "nawa?" A 1900 Max Planck, masanin Jamus, ya nuna cewa makamashi ƙulli-ƙulli yake zuwa, kamar gishirin da mai tebur ya ƙulla a leda, ba a sayar maka da rabi. Ƙulli ɗaya shi ne kwantum, awo mafi ƙanƙanta. Babu warkarwa ko ɗaya a cikin ma'anar.

Haushin da nake ji shi ne, akwai ilimi na gaske a nan kusa, kuma ya fi tallan ban mamaki nesa ba kusa ba. Ku dubi ƙananan tsuntsayen da ke baro Turai su zo cin rani dajin Amurum, wajen Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis take. Cikin dare suke ƙetare Sahara, ba ja-gora. A 1978 wani masani, Klaus Schulten, ya kawo hasashen yadda suke gane alƙibla, daga baya hankalin masana ya koma kan wani furotin a idon tsuntsu mai suna kiriptokurom. Idan shuɗin haske ya same shi, sai ilektiron ɗaya, wato ɗan mitsitsin ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, ya yi tsalle ya rabu da abokinsa, amma juyawarsu tana nan a ɗaure da juna, kuma wannan ɗaurin shi ne aikin kwantum a nan. Maganaɗisun duniya, wanda ko kusa bai kai na ƙofar firij ƙarfi ba, yana iya karkata wannan juyawa, sai saƙon da ido ke aikawa ya canza gwargwadon inda tsuntsun ya fuskanta. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai na ce Allah mai iko.

A 2021 masana a jami'o'in Oksfod ta Ingila da Oldenbog ta Jamus suka nuna cewa furotin ɗin na robin, wani ƙaramin tsuntsun Turai, yana jin maganaɗisu. A ɗakin gwaji aka yi, shi ya sa har yau "mai yiwuwa" suke cewa. Ɗaurin ilektiron ɗin nan kuwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, domin ɗumi da ruwan jiki suna saurin wargaza shi. To ta ina ƙarfe a tafin hannu mai gumi zai karanto ƙoda?

Ranar Litinin na kai goggo asibiti, aka ɗebi jini da fitsari. Ƙodarta lafiya lau, hawan jini ne ya fara kama ta, wanda takardar nan mai shafi huɗu ko ambatonsa ba ta yi ba.