Waiwaye: yadda algus ya haifar da dokar giyar bourbon a Amurka

A garin Frankfort, babban birnin jihar Kentucky, akwai wata tsohuwar masana'antar giyar bourbon, wato wani nau'in wiski na Amurka da ake yi da masara, a bakin kogi da ake kira Buffalo Trace, a daidai inda garken ɓauna ke tsallaka ruwa a da can. Giya dai haramun ce a wajenmu, wannan babu ja, amma tarihin wajen nan ya ja hankalina saboda rigimar da aka yi a kan kayan jabu.

Bayan yaƙin basasar Amurka kasuwar wiski ta lalace sosai, 'yan algus sun cika gari, mutum zai samo barasa mai arha ya zuba ruwan taba ko aidin don kalar ta yi ja kamar ta shekara a ganga, ya manna takarda ya sayar, mutane suna sha suna kwanciya ciwo ba mai tambaya. A 1870 wani mai suna E.H. Taylor ya sayi masana'antar, ya zuba kuɗi a tukwanen tagulla da gine-gine har bashi ya ci shi, George T. Stagg ya karɓe ta a 1878. Amma Taylor bai bar maganar ba, yana cikin waɗanda suka matsa wa majalisa lamba har aka yi dokar 1897, wadda ta ce in kana son hatimin gwamnati a kwalbarka to dole kayan su fito daga masana'anta ɗaya, a zangon tacewa ɗaya na shekara, su yi aƙalla shekara 4 a sito ƙarƙashin idon jami'an gwamnati. Kusan shekara 9 kenan kafin Amurka ta yi babbar dokar tsaftar abinci da magunguna ta 1906. Ni abin da ya fi taɓa ni kenan, ɗan kasuwa ne da kansa ya nemi a sa masa ido.

Ita sana'ar kuwa haƙuri ce zalla. Dokar bourbon ta yau ta ce masara kada ta gaza kashi 51 cikin 100 na hatsin, sai a haɗa da sha'ir da alkama ko wani hatsi danginta, a dafa, a bari ya tsima, a tace ta hanyar tururi. Ruwan da ke fitowa fari ne tas. Kalar da ƙamshin daga ganga suke zuwa, sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta da wuta har ta yi baƙi ƙirin, lokacin zafi katakon ya buɗe ya tsotse ruwan, sanyi ya zo ya matso shi waje, haka shekara da shekaru, wani kaso ma yana bin iska. Gangar da ke saman sito inda zafi ya fi yawa ba ta fita iri ɗaya da ta ƙasa.

Da aka haramta giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933 yawancin masana'antu sun rufe, wannan kam ta tsira saboda ta samu lasisin sayar da wiski a matsayin magani da takardar likita. A 1964 majalisa ta ayyana bourbon a matsayin kayan Amurka na musamman, kamfanin Sazerac ya sayi masana'antar a 1992, sunan Buffalo Trace ya zo a 1999, a 2013 kuma gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa. A watan Afrilun 2025 kogin ya yi ambaliya ya shiga gine-ginenta, sai da aka rufe ta aka yi gyara kafin a ci gaba da aiki.