Ɗan majalisa da takardun gwamnati: ku karanta kafin ku sake tambayata

Ɗan majalisa na da hurumin ganin takardun ma'aikatu?

Yana da shi, lokacin da akwai majalisa. Tsarin mulkin Nijar na 2010 ya ɗora wa majalisar dokoki yin doka, amincewa da haraji, da sa ido kan aikin gwamnati. Da me zai sa idon in an kulle takarda a durowa?

To ina majalisar take yanzu?

An rusa ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Majalisar tuntuɓa da aka kafa a 2025 naɗa membobinta aka yi, shawara take bayarwa.

A da, shiga ofis yake yi ya ɗauko?

A'a. Tambaya yake wa minista, a rubuce ko da baki a zauren Yamai, ko a kafa kwamitin bincike. Ku da kuka riƙa tare shi da katin biki da takardar magani, wa ya taɓa tambayarsa ko ya ga takardar kwangila ɗaya ta Maradi?

Ajin da aka gina a unguwarmu iskar damina ta yaye rufinsa. Ba ɗan majalisa, ba kansila. Yaya za mu ga takardar kwangilar?

Nan sai a hankali. Akwai dokar Fabrairun 2011 da ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Amma samun doka daban, a miƙo maka takarda daban. Tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun gundumomi, jami'in da aka naɗa ke riƙe da ma'aikatar magajin gari, sai dai ba lallai can aka ba da aikin ba: wataƙila ma'aikatar ilimi ce, wataƙila wata ƙungiya. Ku fara duba allon aikin, in har yana nan tsaye. Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiyar iyayen yara, ku faɗi takardar da kuke so da shekararta, a buga muku hatimi a kan kwafi. Ana iya cewa ku dawo gobe, ana iya yin shiru. Kada ku karaya, kuma don Allah kada ku zargi kowa da sata a WhatsApp ba hujja a hannu.

In an ce sirrin tsaro ne fa?

Inda soja za su kwana sirri ne, na yarda. Kuɗin kwanon rufi ba sirri ba ne. Ko a ma'aikatar tsaro, binciken 2020 ya gano kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta, kuma takardu aka buɗe aka gani.