Daga wasiƙar Euler zuwa arXiv: yadda labari da gurbin aiki ke isa ga masu topoloji

Ɗalibin da ke digirin digirgir a fannin topolojin aljabara a yau yana riƙe da abin da manyan malaman fannin ba su samu ba shekara hamsin da suka wuce. Kusan kowace ranar aiki sababbin takardun bincike daga ko'ina a duniya suna jiran sa a arXiv, rumbun intanet da masu bincike ke ɗora takardunsu, kyauta, tun kafin wata mujalla ta buga su. Littafin Allen Hatcher na 2002, wanda da yawa suke fara koyon fannin da shi, yana nan a intanet ga duk mai so. Tallan guraben aiki ma an tattara mafi yawansu wuri guda. Mutum zai iya ɗauka cewa ƙofa ta buɗe wa kowa. Ta buɗe ta wani ɓangaren, amma tarihin fannin yana nuna inda har yanzu take a rufe.

Topoloji reshen lissafi ne da ke nazarin abin da ba ya canjawa a jikin siffa idan an lanƙwasa ta ko an ja ta, muddin ba a yaga ba, ba a kuma liƙa ba. A wurin mai topoloji, zobe da kofi mai mariƙi abu ɗaya ne, domin huda ɗaya gare su. Aljabara ta shigo ne saboda ido ba ya iya ƙirga hudar siffar da ta wuce tsawo da faɗi da zurfi, wato mai daimenshan huɗu ko bakwai ko ɗari, sai an mayar da ita lissafin da za a iya yi a takarda.

Ɗaya daga cikin labaran farko na wannan ilimi a wasiƙa ya yi tafiya. A 1750 Leonhard Euler ya rubuta wa abokinsa Christian Goldbach cewa ya lura da wani abu: ka ƙirga kusurwoyin siffa marar huda mai fuskoki shimfiɗaɗɗu, ka ɗebe yawan gefunanta, ka ƙara yawan fuskokinta, biyu za ka samu. Ɗauki akwati: kusurwa 8, gefe 12, fuska 6, amsa 2. Mutum ɗaya ne ya fara karanta wannan. Shekara 145 bayan haka, a 1895, Henri Poincaré ya buga doguwar maƙalar da ake ɗauka ita ce harsashin fannin, a mujallar makarantar École Polytechnique ta Paris. Wani ɗan ƙasar Denmak, Poul Heegaard, ya gano kuskure a ciki a 1898, Poincaré ya koma ya yi ta gyara da ƙari har sau biyar zuwa 1904. A ƙarin ƙarshe ne ya jefa tambayar da aka yi kusan ƙarni ana fama da ita, wato ko duk rufaffiyar siffa mai daimenshan uku da ake iya tsuke kowane zagayen zare a cikinta har ya zama ɗigo, irin ta ƙwallo ce.

Abin da ya fi jan hankalina a shekarun da suka biyo baya shi ne yawan ilimin da bai bi ta mujalla ba. A tsakiyar shekarun 1920 Pavel Alexandrov daga Mosko da Heinz Hopf suna zuwa Göttingen ta Jamus, suna ba da lacca, masaniyar aljabara Emmy Noether tana saurare. Ita ce ta nuna musu cewa lambobin da suke ƙirgawa inuwa ce kawai ta wani gini na aljabara, kuma ginin ya kamata a nazarta. Wannan shawara ta sauya fannin baki ɗaya, alhali yawancinta da baki aka yi ta. Wanda ba ya Göttingen a lokacin sai dai ya ji daga baya. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, haka ma wannan ilimi ya kasance.

Sai siyasa ta watsa taron. A 1933 gwamnatin 'yan Nazi ta kori malamai Yahudawa daga jami'o'i, Noether ta koma kwalejin Bryn Mawr a Amurka, ta rasu a 1935. A shekarar ne aka yi taron topoloji na duniya na farko a Mosko, inda Andrey Kolmogorov da James Alexander suka gabatar da tunani iri ɗaya, kowanne bai san ɗan'uwansa na kan hanyar ba. Otto Neugebauer, wanda ya kafa mujallar Zentralblatt a 1931 domin taƙaita wa masu bincike abin da ake bugawa, ya bar ta saboda katsalandan ɗin 'yan Nazi, ya fara Mathematical Reviews a Amurka a 1940. Jean Leray kuwa a sansanin fursunonin yaƙi a Ostiriya ya zauna daga 1940 zuwa 1945. Ya ɓoye ƙwarewarsa a lissafin motsin ruwa da iska don kada a sa shi aikin soja, ya ce shi mai topoloji ne, kuma a can ya soma ƙera kayan aikin da fannin ke amfani da su har gobe.

Bayan yaƙi, labari ya koma zama a ɗakunan taro kaɗan. Henri Cartan ya gudanar da zaman karatunsa a Paris daga 1948 zuwa 1964, ana buga bayanan zaman da tafireta ana rarrabawa. Daga wannan da'ira Jean-Pierre Serre ya fito, ya karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta masana lissafi, a 1954 yana ɗan shekara 27. A Bonn, Friedrich Hirzebruch ya fara taron shekara-shekara a 1957 wanda ba a tsara masa jadawali tun daga gida. A zaman farko mahalarta suke kiran sunan wanda suke so su ji, a rubuta a allo, domin a tabbatar sabon abu ne za a faɗa. Tsari ne mai kyau ƙwarai ga wanda ya samu kujera a ɗakin. Sauran jama'a sun dogara da gidan waya. Mai bincike zai buga takardarsa, sashensa ya yi kwafi, a aika wa mutanen da sunansu ke cikin jerinsa. Wanda ba ya cikin jerin zai jira shekara ɗaya ko biyu kafin mujalla ta fito, in ma ɗakin karatun jami'arsa yana da kuɗin sayen ta. Ba wanda ya shirya wannan don ya zalunci wani, amma sakamakonsa zalunci ne, domin mai hazaƙa a wuri mai nisa kan ɓata shekaru a kan matsalar da aka riga aka warware.

Abu biyu suka karya wannan shinge. Na farko manhajar TeX da Donald Knuth ya fitar a 1978, wadda ta ba kowa damar rubuta alamomin lissafi tsaf da kwamfutarsa. Na biyu rumbun arXiv da Paul Ginsparg ya buɗe a Los Alamos a 1991 domin masana fiziks, wanda masu jometrin aljabara suka bi sahu tun 1992, ya kuma koma jami'ar Cornell a 2001. Gwajinsa mafi girma ya zo a Nuwamba 2002, lokacin da Grigori Perelman ya ɗora ta farko cikin takardu uku da suka warware tambayar Poincaré. Bai kai su wata mujalla ba. Ƙungiyoyi daban-daban suka shafe shekaru suna bin hujjar layi-layi kafin a amince, shi kuma ya ƙi karɓar lambar Fields a 2006, ya ƙi ladan dala miliyan ɗaya da cibiyar lissafi ta Clay ta sa wa duk wanda ya warware tambayar, a 2010.

Mujallun ma sun sha nasu rikicin. An kafa Geometry & Topology a jami'ar Warwick a 1997, masu bincike ne da kansu suke tafiyar da ita da araha. A 2006 dukkan editocin tsohuwar mujallar Topology suka ajiye aiki saboda tsadar da kamfanin Elsevier ya ɗora mata, suka buɗe Journal of Topology tare da ƙungiyar masana lissafi ta Landan. Tsohuwar ba ta daɗe ba bayan haka.

Maganar aiki ita ce ba ta bi wannan sauƙin ba. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik a 1957, jami'o'in Amurka suka faɗaɗa don kada a bar su a baya, ana neman malaman lissafi ruwa a jallo. A farkon shekarun 1970 kuɗin ya ja baya, masu sabon digiri suka rasa inda za su sa kai. An sake shiga irin wannan a shekarun 1990, lokacin da rushewar Tarayyar Sobiyet ta tura ƙwararrun masana zuwa Turai ta yamma da Amurka, su ma suna neman abin yi. A tsakiyar shekarun, alƙaluman ƙungiyar masana lissafi ta Amurka sun nuna rashin aiki a tsakanin masu sabon digirin digirgir ya haura kashi 10 cikin ɗari. Dandalin neman aiki na intanet mai suna MathJobs, wanda aka fara ginawa a jami'ar Duke, ya rage wahalar cika ambulan da aika takardu. Sai dai sauƙin nema ya jawo yawan masu nema, gurbi guda kan tara takardun mutum ɗaruruwa, kujerun kuma ba su ƙaru daidai da haka ba.

Hanyar da aka saba bi yanzu ita ce aikin wucin gadi na shekara biyu ko uku bayan digiri, sau da yawa a sake wani a wata ƙasa, kafin a samu na dindindin in an dace. Mutum yana cikin shekarun da ya kamata ya kafa iyali, yana ta ɗaure kaya. Wasu sun karkata zuwa kamfanoni, musamman tun da Gunnar Carlsson da abokan aikinsa suka nuna yadda ake amfani da topoloji wajen gano siffar tarin bayanai.

Kwamitin ɗaukar aiki da ke gaban takardu ɗaruruwa ba zai iya karanta binciken kowa ba, ballantana a fannin da takarda ɗaya kan ci wa ƙwararre makonni. Abin da yake dubawa da farko wasiƙun shaida ne guda uku ko huɗu, da sunan waɗanda suka sa musu hannu. Babban malami kuwa ba ya rubuta wasiƙa mai ƙarfi sai ga wanda ya ji yana bayani, ya yi masa tambaya, ya ga yadda ya amsa. A nan ne tsarin Göttingen da na Bonn yake raye, kuma a ganina nan ne ya kamata masu hannu da shuni a harkar ilimi su zuba kuɗinsu. Akwai masu ƙoƙari a kai. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana kawo masu bincike daga ƙasashe masu tasowa su zauna tare da takwarorinsu, cibiyar lissafi ta CIMPA da ke Nice ta Faransa tana kai makarantun bincike na kimanin mako biyu zuwa ƙasashen tun bayan kafa ta a 1978. Annobar korona ta 2020 ta tilasta wa zaman karatu da yawa komawa bidiyo ta intanet, har ɗalibi daga nesa ya iya ɗaga hannu ya yi tambaya. Da aka buɗe iyakoki wasu sun ci gaba da haka, da yawa kuma sun koma ɗakunansu sun kashe kyamara.